Masu Ƙulla Wasiƙa a Iska

Idan ka kunna rediyon oba-oba a wani babban birnin Amurka, ka murɗa shi zuwa megahaz 144.390, ba za ka ji muryar kowa ba. Abin da zai doki kunnenka wata ƙara ce mai kaifi, kamar an fizgi sabon yadi an yage, rabin sakan ko sakan guda, sai shiru. Can kuma wata ta biyo baya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka rediyon ya lalace, ya nufi wurin mai gyara. Amma akwai mutanen da daga jin ƙarar nan za su ce maka, "Wannan ya cika wa rediyonsa murya, saƙon ba zai karantu ba," ko kuma, "Wancan ya yi gaggawa, kan saƙonsa ya guntule." Da kunne kawai. Su ne gwanayen rediyon fakiti, ni kuwa ban gaji da mamakinsu ba.

Kowace ƙara wasiƙa ce cikakkiya, da sunan mai aikowa, da sunan wanda aka aika wa, da hatimi a ƙarshe. Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, rediyon magana kuma bai san komai ba sai sauti, shi ya sa aka sasanta su da muryoyi biyu: ta ƙasa mai kaɗawa 1200 a sakan, ta sama mai kaɗawa 2200. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda ya san kalangu na kiran sunan mutum da hawa da saukar sauti, babu harafi ko ɗaya. Sai dai wannan kalangun yana iya sauya murya sau 1200 a sakan guda. Kuma a sauyin ma'anar take: in murya ta canja, sifili ke nan, in ta tsaya inda take, ɗaya. Muryoyin biyu ma aro ne daga wani tsohon modem ɗin wayar tarho mai suna Bell 202, wanda ya yi araha a kasuwar tsofaffin kaya lokacin da 'yan sha'awar rediyo suka fara gwaje-gwajensu. Sun ɗauka, har yau ba su sake shi ba.

Dabarar yanka saƙo gutsure-gutsure a watsa ta rediyo ta fara aiki a Jami'ar Hawai a 1971, inda Norman Abramson da abokan aikinsa suka haɗa kwamfutocin tsibiran da tsarin ALOHAnet. Wannan aikin jami'a ne. Shigowarta hannun masu lasisin sha'awa, waɗanda duniya ta sani da laƙabin ham, a Kanada ta faru: ranar 31 ga Mayu, 1978, 'yan ƙungiyar rediyo ta birnin Montreal suka aika fakitin farko. A Vancouver kuma Doug Lockhart da mutanensa suka ƙera allon da aka sa wa suna TNC, ɗan akwatin da ke zama tsakanin kwamfuta da rediyo. Amurka ta biyo baya a 1980, bayan hukumar sadarwarta, FCC, ta halatta irin wannan rubutu a mitocin sha'awa, kuma kafin shekarar ta ƙare Hank Magnuski ya kafa tashar miƙa saƙo a yankin San Francisco. Wata ƙungiya a garin Tucson na jihar Arizona, TAPR, ita ta fitar da TNC-2 a 1985, kamfanoni suka kwaikwaya, abin ya bazu kamar wutar daji. Shekara guda kafin nan aka amince da ƙa'idar da kowa zai bi wajen ƙulla fakiti, wato AX.25.

Wannan ƙa'ida ta cancanci a tsaya a dube ta, domin daga cikinta duk sauran gwanintar ta tsiro. Fakiti yana buɗewa da tuta, jerin sifili ɗaya, ɗaya shida, sifili ɗaya, da ita kuma yake rufewa. To idan cikin saƙon kansa aka sami ɗaya shida a jere fa? Sai aka yi dabara: duk inda ɗaya biyar suka jeru, mai aikawa ya cusa sifili na ƙarya, mai karɓa ya cire shi. Da jifa ɗaya aka kashe tsuntsu biyu, domin sifilin nan yana tilasta murya ta sauya, kuma da sauyin mai karɓa ke daidaita agogonsa. Bayan tuta sai adireshi, wanda ba komai ba ne illa sunan kiran da hukuma ta ba mutum, harafi da lamba har shida, da wata 'yar lamba daga 0 zuwa 15 a gefe, don mutum ɗaya ya bambanta tashar gida da ta mota da ta kan dutse. Ana iya jera sunayen tashoshi har takwas da za su yi ta miƙa saƙon hannu da hannu. Sai jikin wasiƙar, wanda bai wuce harafi 256 ba. Daga ƙarshe hatimi, lissafi mai bit 16, wato sifili ko ɗaya guda 16, da aka fitar daga duk abin da ya gabata. Mai karɓa zai sake lissafin da kansa. In bit ɗaya tak ya kauce, hatimi ba zai dace ba, sai a watsar da fakitin gaba ɗaya, mai aikawa ya jira amsa bai ji ba, ya sake. Tsofaffin akwatunan TNC sukan gwada sau goma kafin su haƙura. Murya ko ta dusashe kunne zai tsinci wani abu ya cike gurbi. Fakiti kuwa ko duka ko babu, shi ya sa mai wannan sana'a ba ya raina ƙaramin abu.

Kayan aikin ba su da yawa. Rediyon da ke aikawa da karɓa a zangon mita biyu, eriya, TNC ko abin da zai tsaya a madadinsa, da wayoyi huɗu: ta sautin da ke shigowa, ta wanda ke fita, ta danna maɓallin magana, da ta ƙasa. Ɗan rediyon Baofeng mai araha zai yi, amma yana da nawa wajen juyawa daga sauraro zuwa aikawa, kuma kunnensa kan toshe idan akwai babbar tasha kusa. Rediyon da ke da ƙofar bayanai mai fil shida a bayansa ya fi, domin sautin ba ya bi ta maɓallin ƙara murya. Akwai irin su Kenwood TM-D710 da TH-D74 da suka zo da TNC a cikinsu, akwai kuma Kantronics KPC-3, ɗan akwatin da ake ajiyewa a kan tsauni a manta da shi shekaru yana aiki. Sabon shiga yakan zuba kuɗinsa a kan ƙarfin wat. Gwani kuwa eriya yake kallo. Sandar ƙarfe mai tsawon kusan santimita 50, wato rubu'in tsawon igiyar zangon, in aka ɗaga ta saman rufi ta fi wat hamsin da ke fita daga cikin ɗaki, domin wannan zango kusan sai abin da ido zai iya hangowa yake kaiwa. Kebul ɗin ma a nemi mai om 50. Na dish da ke jibge a kasuwa om 75 ne, kuma kowace mita da aka ƙara wa kebul tana shan wani abu daga ƙarfin da aka tura.

Yau mafi yawa sun ajiye akwatin TNC, manhaja ce ke aikinsa ta katin sautin kwamfuta. Wadda ta fi shahara ita ce Dire Wolf ta John Langner, kyauta ce, kuma tana gudu a kan Raspberry Pi, 'yar kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ƙaramin sola da batir ke riƙewa dare da rana. Abin da ya share wa wannan hanya wata yarjejeniya ce da Mike Chepponis da Phil Karn suka tsara tun shekarun 1980, mai suna KISS, wadda ta ce TNC ya daina tunani, ya tsaya ga mayar da sauti lamba da lamba sauti, sauran hukunci a bar wa kwamfuta. Saitin Dire Wolf fayil ne na rubutu. A layin ADEVICE ka faɗi katin sautin da za a yi amfani da shi, a MYCALL ka sa sunan kiranka, a MODEM ka rubuta 1200, a PTT ka nuna ta inda za a danna maɓallin magana. Daga nan sai ta buɗe ƙofa mai lamba 8001, sauran manhajoji su shigo ta nan: Xastir ko YAAC ko APRSdroid don taswira, Pat don wasiƙun Winlink, BPQ ta John Wiseman ga mai son kafa mahaɗa da akwatin saƙonnin unguwa. Rubuta layukan nan bai fi minti goma ba. Samun su su yi aiki kuwa yakan ci mako.

Makon nan a kan ƙarfin sauti yake tafiya. Ɓangaren karɓa ya fi sauƙi, domin Dire Wolf na rubuta lamba kusa da kowane fakitin da ta ji, abin nema kuma ta riƙa zama wajen 50. Sai an kashe duk wani gyaran murya da kwamfuta ke yi da kanta, irin wanda ke ɗaga sauti in ya yi ƙasa, sannan a bar bakin rediyon a buɗe yana shuu ɗinsa, don maɓallin da ke toshe shuu yakan makara wajen buɗewa ya cinye kan fakiti. Ɓangaren aikawa ne ke raba gwani da ɗan koyo. Hankali na gaya wa mutum cewa ƙara murya ƙara nisa ne. A rediyon FM ba haka ba ne. Rediyon magana yana ɗaga siririn sauti sama da mai kauri kafin ya aika, na mai karɓa kuma ya sauke shi. Yana da kuma wani shinge da ke aske duk sautin da ya wuce kima. In ka cika murya, muryar sama ce za ta fara bugun shingen a aske ta, can kuma a sake sauke ta, sai ta isa a raunane, 'yar'uwarta ta danne ta. Abin nema shi ne sautin ya karkata igiyar da kusan kilohaz 3. Mai na'urar awo sai ya auna. Wanda ba shi da ita yakan ɗauki rediyo na biyu ya kara a kunne, ya riƙa ƙara murya har ta kai inda ba ta ƙara ƙarfi, alamar ta bugi shinge, sannan ya ja da baya har sai ya ji ta sauko sosai. Wannan shi ne kunnen da na ambata da farko. Har faifai gwanayen ke da shi, wanda aka naɗa daga cunkoson fakitin birnin Los Angeles, da ake kunna wa kowane sabon TNC a ƙirga fakiti nawa ya tsinta, kamar yadda ake gwada ɗalibi da karatun da ya fi sarƙewa.

Sai jinkiri. Rediyo ba ya tashi nan take idan an danna shi, na mai sauraro ma yana bukatar ɗan lokaci ya kama. Don haka TNC kan fara da jera tutoci, kamar mai gyaran murya kafin jawabi. Tsawon wannan shi ne TXDELAY, kuma 30 da ake yawan farawa da ita tana nufin kashi uku cikin goma na sakan. Ka rage da yawa, kan saƙo ya guntule. Ka ƙara da yawa, ka ci lokacin jama'a a banza. Gwani yakan yi ta ragewa har tashar maƙwabcinsa ta fara kasa ji, sai ya ɗan ƙara. Akwai kuma aljanin da ke firgita kowane sabon shiga: da an danna aikawa sai kwamfuta ta daskare, ko rediyo ya maƙale ya ƙi saki. Ƙarfin rediyon ne ke komowa ta kebul ɗin USB. Maganinsa a nisanta eriya, a naɗe kebul a zoben ferait. Wanda bai sani ba sai ya goge manhajar ya sake sakawa har sau biyar.

Duk wannan a mita ɗaya ake yi, kowa da kowa. Saboda haka aka gina ladabin zaure cikin na'urar kanta: saurara kafin ka yi magana. Amma idan mutum uku na jira wani ya gama, da ya yi shiru duk za su buɗe baki tare, fakitinsu ya yi karo, babu wanda zai tsira. Sai aka sa kowace tasha ta jefa ƙuri'a. Da saitin PERSIST na 63, damar da za ta yi magana ɗaya ce cikin huɗu, in ba ta ci ba ta jira kashi ɗaya cikin goma na sakan ta sake jefawa. Matsalar da ƙuri'a ba ta warwarewa ita ce ta tashoshi biyu da dutse ya raba, ba sa jin juna, amma ta kan dutsen tana jin su duka. A nan sai halin mutum. A tsarin APRS, wanda Bob Bruninga na Kwalejin Sojan Ruwa da ke Annapolis ya ƙirƙiro don tashoshi su riƙa shelar inda suke da yanayin iska da gajerun saƙonni, kai ne ke zaɓar sau nawa za a maimaita fakitinka. Mai kunya yakan nemi tsalle biyu. Mai son a san da shi a jihohi biyar yakan nemi bakwai, ya cika iska da sunansa, kuma kowa na ganin ko wane ne.

Kowa na gani, domin sunan na cikin fakitin. A nan ne fasahar da dokar suka zama abu ɗaya, kuma shi ne abin da ya fi burge ni. Dokar Amurka ta ce mai lasisi ya faɗi sunan kiransa duk minti goma da kuma ƙarshen magana. Mai fakiti yana faɗinsa a kowace ƙara. Farkon sunan ma yana nuna ƙasa: 5N Nijeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ita ta raba waɗannan, ita kuma ta fayyace ko wane ne ɗan sha'awa: mai koyar da kansa, mai bincike, mai zumunci da 'yan'uwansa, ba don kuɗi ba. Lasisi kuwa kowace ƙasa ke ba da nata bayan jarrabawa. Amurka na da mataki uku, na farkon tambaya 35 ne. Ingila ma uku. Faɗin zangon mita biyu ya bambanta: a Amurka daga megahaz 144 zuwa 148, a Turai da Afirka ya tsaya a 146. Sayen rediyo a kasuwa ba izinin aikawa ba ne, kuma a ƙasashenmu, inda ganin oba-oba a hannun farar hula kan jawo tambaya a shingen jami'an tsaro, takarda ce ya kamata ta riga eriya zuwa gida.

Babbar iyaka ita ce babu zaurance. Sashe na 25 na dokokin rediyo na ITU ya hana a juya saƙo tsakanin ƙasashe da nufin ɓoye ma'anarsa, in ban da umarnin da ake aika wa tauraron ɗan'adam, ƙasashe da dama kuma sun ɗora wannan hani a cikin gida. Matse saƙo don ya yi gajarta ba laifi ba ne muddin hanyar a bayyane take, kowa zai iya warwarewa. Kulle shi da mabuɗi shi ne haramun. Wannan kaɗai ya isa ya nuna rediyon fakiti ba intanet ɗin kyauta ba ne, tunda kusan duk shafukan intanet na yau a kulle suke tafiya. Wasu na ganin dokar ta tsufa. Ni ina ganin ita ce ta sa mitocin suka zauna a hannun jama'a, domin abin da kowa ke iya karantawa kowa na iya tsawatarwa a kansa, kamfani kuma ba zai laɓe a ciki ba.

Babu ciniki, babu kiɗa, babu batsa, babu watsa shiri ga jama'a kamar gidan rediyo. Amurka ta sassauta a 1993, ta yarda mutum ya yi ɗan sha'anin kansa kamar odar abinci, ko ya tallata tsohon rediyonsa jefi-jefi, amma ba aikin ubangidansa ba. In rai na cikin haɗari kuma babu wata hanya, a nan kam doka ta ɗaga ƙafa. Tambayar da ta fi wuya ita ce ta na'urar da ke miƙa saƙo mai ita yana barci. A 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, wani saƙon adawa da yaƙin mai ɗauke da lambar wayar da ake biya in an kira ya bi ta akwatunan fakiti, FCC ta aika wa masu tashoshin da suka miƙa shi takardar tuhuma, alhali na'urorinsu ne suka yi aikin da kansu. Hayaniyar da ta biyo baya ta kai ga gyara a 1994: babban alhaki na kan wanda ya ƙirƙiri saƙo, tashar farko da ta karɓa kuma ko ta tantance shi ko ta ɗauki laifin, na gaba ba su da laifi sai in sun sani suka ci gaba. Har sauri ma doka ta taɓa ƙayyadewa. A yawancin gajeren zango baud 300, wato sauyin murya sau 300 a sakan, shi ne iyaka tun 1980, sai a ƙarshen 2023 FCC ta cire, ta maye gurbinsa da iyakar faɗi, kilohaz 2.8.

A saurin 1200, hoton megabait biyu zai ci kusan awa huɗu ko da babu fakitin da ya faɗi. Shi ya sa da intanet ya shigo gidaje a ƙarshen shekarun 1990, akwatunan saƙo da yawa suka mutu. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma masu wannan sannun sun bar gado. Adireshin intanet sama da miliyan 16, duk masu farawa da 44, Magnuski ya karɓo wa 'yan sha'awa a 1981, lokacin da babu mai kallonsu. A 2019 aka sayar wa Amazon rubu'insu a kan dala miliyan 108, kuɗin na tafiya wajen tallafa wa bincike da karatu. A Jami'ar Surrey ta Ingila, Martin Sweeting, shi ma mai lasisin sha'awa, ya jagoranci ƙera ƙananan taurari, ciki har da UoSAT-3 na 1990 mai ɗaukar fakiti a nan ya sauke a can. Da aka janye shi daga hidimar 'yan sha'awa, ƙungiyar SatelLife ta yi amfani da shi wajen kai wa likitocin Afirka wasiƙu da bayanan magani tun intanet bai iso su ba. Kamfanin da ya tsiro daga wannan aiki shi ya ƙera NigeriaSat-1 da aka harba a 2003.

Akwai kuma tashar miƙa saƙo guda da babu dutsen da ya kai ta tsawo. Tana cikin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, kilomita kusan 400 a sama, tana sauraro a megahaz 145.825 duk lokacin da aka kunna ta. Takan kewaya duniya cikin kusan minti casa'in, ta ratsa samaniyar garinku cikin minti goma ko ƙasa da haka. Mai lasisi yakan duba jadawali ya fita fili, oba-oba mai wat biyar a hannu ɗaya, eriya mai kama da ƙashin kifi a ɗayan, sau da yawa wadda ya ƙera da ƙarfen tef ɗin awo. Ya nufi kusurwar da za ta ɓullo, ya jira ƙarar yagewar yadi ta fara fitowa daga cikin shuu. Tashoshi da yawa na rububin wannan 'yan mintoci, galibinsu ba sa jin juna, don haka yakan taƙaita saƙonsa, ya aika, ya saurara, ya bi ta da eriya, ya sake. In sautinsa ya daidaita kuma jinkirinsa ya isa, sai layi ya bayyana a allon wayarsa: sunan kiransa, sannan RS0ISS ko NA1SS da ɗan tauraro a gefe, alamar fakitin ya hau sama an miƙo shi ƙasa, kuma duk mai sauraro cikin nisan kilomita dubu da ɗoriya ya karanta.